Shayin Haruna

Na san abin da ake faɗa a kaina a garin nan, don kunnen tsoho ba ya mutuwa da wuri kamar yadda kuke zato. Ana cewa ba na karɓar shayi daga hannun kowa saboda ina tsoron sammu, wai tun da muka yi rigima da baffanku Haruna a kan gonar bakin kogi. Ku ma ’ya’yana na ga kun fara yarda, domin ran nan na ji Sa’adatu tana yi wa ’yarta raɗa cewa ta ajiye wa kaka kofi a ƙasa, kada ta miƙa masa. To, ni da Haruna ba mu taɓa musayar yawu a kan gona ba. Gonar tana nan, rabinta nasa ne, har gobe ’ya’yansa na iya zuwa su noma. Abin da ya shiga tsakaninmu kofin shayi ne, amma ba irin wanda kuke tsammani ba. Tun da wanda zai gyara mini labarin ya riga ni tafiya, gara in rubuta da kaina.

A shekarar da damina ta yi mana gardama, ni da Haruna muka hau mota daga garinmu Mai Wurno, nan Sudan, zuwa Damazin, inda Sinawa ke aikin ƙara wa madatsar ruwa tsayi. Na haura arba’in a lokacin, shi kuwa yana bin bayana da ’yan shekaru. Ba mu iya tuƙi ba, ba mu iya walda ba, sai aka tura mu ɗakin girkin Sinawa, wanke tukwane da yankan albasa. Shugabanmu a can wani dattijo ne gajere mai suna Lau, muka ɗora masa Baba a gaba. Ya daɗe a Sudan yana bin kamfanoni, har ya tsinci Larabcin kasuwa, irin wanda ba ya da kai ba ya da gindi amma yana biyan buƙata. A cikin Sinawan ma shi bare ne. Yawancinsu ’yan arewacin ƙasarsu ne, shi kuwa daga wani ƙauye a kudu, yarensa daban, suna yi masa dariya in ya yi nasu. Wannan ne ya fara sa na ji shi a raina, domin mu ma alhazan Kano masu wucewa sun sha yi wa Hausarmu dariya, Larabawa kuma su yi wa Larabcinmu.

Kullum bayan la’asar, kafin a ɗora girkin yamma, yakan zagaya bayan ɗakin girki ya tsaya shi kaɗai yana juya hannuwa a iska. Abin da yara ke kira kungfu ne, amma babu tsallen da suke gani a talabijin. Ƙafafunsa ba sa barin ƙasa. Haruna, wanda ya yi kokawa da ƙuruciya kuma bakinsa bai taɓa sanin linzami ba, ya tsaya wata rana yana kwaikwayonsa. Baba Lau bai yi fushi ba. Ya miƙo tsintsiyar hannunsa ya ce Haruna ya ture shi. Haruna ya tura da ƙarfinsa duka, sai ga shi rungume da buhun gawayi, dattijo kuma yana tsaye a gefensa yana gyara hula. Tun daga ranar muka zama ɗalibai. Na ce masa na tsufa da wannan, Haruna ya ce gemu ba ya hana ilimi, balle nawa da bai cika ba.

Salon Baba Lau ba shi da dogon darasi. ’Yan gutsattsari ne gajeru, kowanne a maimaita shi dama da hagu har jiki ya haddace. Ba a fuskantar mutum ƙirji da ƙirji. A karkace ake tsayawa, kamar mai shiga ƙaramar ƙofa da dami a ka, in ƙarfi ya zo a kauce masa ya wuce. Amma zuciyar abin duka wani wasa ne na mutum biyu: ku jingina tsintsiyar hannu da ta juna, ku yi ta juyawa ba tare da kun rabu ba, kowa yana sauraron niyyar ɗan’uwansa ta fata. Sunan da Baba Lau ke kiransa ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka sa masa tuƙi, don in ka hango mu sai ka ce mata biyu ne ke tuƙa tuwo a tukunya ɗaya. Ba a yin tuƙi da iska. Ni da Haruna muka yi ta yi fiye da shekara, har na kai in na rufe ido ina gane ranar da ya tashi da ɓacin rai. Gwiwar hannunsa ta hagu takan ɗan zube, saboda karayar da ya samu da jaki ya kayar da shi yana yaro. Duk da haka ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, kuma na sani.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba mu mamaki. Mukan dafa shayinmu a kan gawayi bayan an gama, mu miƙa wa Baba Lau, kullum sai ya ɗaga hannu ya ƙi. Muka ɗauka sukarinmu ne ya yi masa yawa, tun da nasa ruwan ganye ne tsura. Ba mu tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba.

Sai aka kawo wani sabon injiniya, saurayi dogo, kowa na kiransa Bashmuhandis. Shi ma ɗan kudu ne, amma na birni. Da ya ji labarin abin da ake yi a bayan ɗakin girki, sai ya zo wata Juma’a da rana. Suka gaisa da Baba Lau cikin yarensu, suka daɗe suna lissafa sunaye, kowa na faɗin wanda ya koya masa da wanda ya koya wa wancan, kamar yadda malamanmu ke jero salsala. Ashe salonsu ɗaya ne, kakansu ɗaya, reshe ne ya bambanta. Bashmuhandis ya nuna nasa. Shi yana fuskantar mutum sak, nauyinsa a ƙafar baya, naushinsa na bin juna ta tsakiya ba hutawa. Darussansa uku ne dogaye, a jere, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Suka jingina hannu na ɗan lokaci, babu wanda ya kayar da wani, suka rabu suna murmushin da bai kai ido ba. Ni dai abin ya yi mini kama da mai sakin hannu da mai kabalu a sahu ɗaya, alƙibla guda, amma kowa na satar kallon ɗan’uwansa. Na lura idon Haruna ya ƙyalla da ya ga naushin nan. Irin halinsa ne, ba ya son kewaye-kewaye.

Shayi ya nuna. Haruna ya zuba, ya ɗauki kofin farko ya nufi baƙo, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, kamar yadda Inna ta koya mana tun muna yara. Bashmuhandis ya dubi Baba Lau, ya dubi Haruna. Sannan ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya dafa kafaɗar Haruna ya faɗi wata kalma. Baba Lau ya juya ya shige ɗakin girki. Ranar albasar da ya yanka ta isa biki.

Washegari da la’asar Haruna ya miƙa masa hannu, Baba Lau ya wuce shi kamar bai ga mutum ba. Na bi shi ciki na tambaye shi laifinmu. Zan mayar muku da maganarsa Hausa yadda na fahimce ta.

“A wurinmu,” in ji shi, “in mutum ya durƙusa ya ba ka shayi da hannu biyu, ka sha, ya zama ɗanka. Kai ne malaminsa har mutuwa. Ba a ba mutum biyu.”

“Baba, a wurinmu ko maƙiyinka ya shigo gidanka haka za ka ba shi. Bai sani ba.”

“Ya sha ko bai sha ba?”

“Ya sha.”

“To, shi ke nan.”

A nan na gane abin da ɗaga hannunsa ke nufi duk tsawon watannin nan. Ba sukari ba ne, cewa yake lokaci bai yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Na je na sami Haruna na ce ya zo mu ba dattijo haƙuri, mu je wurin Bashmuhandis mu warware. Yana kankare tukunya, bai ko ɗago ba.

“Yaya, mi niy yi? Baƙo yaz zo, nib ba shi shayi. In je in ce ya amayo min?”

“Ba haka nic ce ba. Ka dai ba tsoho haƙuri.”

“Shekara guda muna miƙa mai yana ƙi, bai buɗe baki ya hwaɗi dalili ba. Yanzu wani ya amsa, shi ag ga fushi? Ma’alesh, sai haƙuri. Ni na Bashmuhandis ɗin ma ya fi kwanta min.”

Maganar ƙarshen nan ita ce gaskiyar. Kuskure ne ya buɗe ƙofa, amma da ƙafarsa ya shiga. Ya fara zuwa wurin Bashmuhandis, wanda ya karɓe shi hannu bibbiyu, kuma ba zan ci amanar mutumin ba, malami ne na gari. Ni kuwa na ci gaba da zuwa bayan ɗakin girki, da safe kafin aiki kuma mu yi tuƙi da Haruna a kambo, inda muke kwana. Ba a yi nisa ba Baba Lau ya jingina hannunsa da nawa, ya janye kamar ya taɓa wuta.

“Wannan ba hannuna ba ne. Kana turowa ta tsakiya. Da wa kake yi?”

Na faɗa masa. Ya ce hannu ɗanye kamar sabuwar tukunyar ƙasa yake, abin da aka fara dafawa a ciki shi zai riƙa ƙamshi. In zaɓa: ko hannunsa, ko na ƙanena, har sai ranar da nawa ya nuna. Bai hana ni cin abinci da Haruna ba, bai hana ni hira da shi ba. Tuƙi kaɗai ya hana.

Na kai maganar gida da muka je hutu. Inna na zaune a kan gadon angarib tana tsince waken suya, uwarku Rakiya na gasa wainar kisra. Da na gama bayani, Rakiya ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta, ta ce manyan banza biyu za su ɓata a kan rawar Sinawa. Inna ba ta yi dariya ba.

“Isiyaku, wanga tsoho shina da kowa nan ƙasar?”

“Ba shi da kowa, Inna.”

“Haruna hwa?”

“Shina da ni, shina da ke, shina da sabon malami.”

“To, ka ga ka riga ka yanke. Amma ka sani, baƙo raɓa ne. Shi za ya koma garinsu, kai ko da ɗan’uwanka za a bizne ku wuri guda.”

Rabin maganarta ya tabbata. Na koma Damazin, na dafa shayi ba sukari, na durƙusa gaban Baba Lau na miƙa da hannu biyu, ina sane da abin da nake yi. Ya karɓa ya sha. Ban yi don na fi son salon ƙauye ba, ban ma san isasshen da zan zaɓa ba a lokacin. Na yi don na ga dattijo ya koma juya hannu a iska shi kaɗai, kuma na kasa jurewa. Ba na cewa na yi laifi, ba na cewa Haruna ya yi. Da safe ya miƙo mini hannu kamar kullum, na ce masa an hana ni sai hannuna ya nuna. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya sa hannun a aljihu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin da suka biyo baya ba, ga shi kuwa tabarmarmu na gogar juna.

Kafin aiki ya ƙare aka ɗauke Bashmuhandis zuwa wani aikin a arewa, ya tafi da Haruna. Daga can Haruna ya zarce Umdurman da ke jikin Khartum, ya kama sana’ar gyaran famfo, ya kwashe iyalinsa. Baba Lau ya zauna har aka rufe ɗakin girki. Ranar da zai tafi muna zaune a kan akwatinsa muna jiran mota, sai ya ba ni labarin da ya kamata ya ba ni tun farko. Ya ce kakan salon nan wani mai magani ne. Yana da ƙarfinsa ya koyar a birni, ƙirji da ƙirji. Da ya tsufa ya koma ƙauyensu, ƙafa ta yi rauni, ba ya iya tare ƙarfin samari, sai ya koya wa manoma kaucewa, a gutsure, don ba su da lokacin dogon darasi.

“Mutum ɗaya ne,” in ji shi. “Su sun san shi da baƙin gashi, mu mun san shi da fari. Kowa na rantsuwa nasa ne na gaskiya.”

“To, Baba, me ya sa ka raba mu?”

“Haushi. Ƙanenka nake jira. Shi na so in ba duka.” Ya dafa gwiwata. “Hannunka ya nuna. Je ka yi da shi.”

Ban ji daɗin sanin cewa ni ne na biyu ba, ko da yake na daɗe da sani. Amma na riƙe izinin kamar guzuri har Babbar Salla, da Haruna ya zo gida. Bayan an watse daga cin nama, na ja shi ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, na miƙa masa tsintsiyar hannu, na ce an sake ni. Ya kama tafina ya girgiza, irin gaisuwar masallaci.

“Mabruk, Yaya. Bari kada in ɓata maka tukunya.”

Yana murmushi ya faɗa. Haka muka ci gaba. Yana zuwa Salla, yana aiko wa Inna da magani, da ta rasu tare muka sa ta a kabari. Duk wanda ya gan mu zai ce ɗan’uwa rabin jiki. Amma bai sake jingina hannunsa da nawa ba, ni kuma ban sake roƙo ba, don ni ma ɗan Inna ne, taurin kan nan gado ne. Na nemi abokin tuƙi a garin nan ban samu ba. Samari suka zo suka ga babu tsalle, suka gudu. Ku kuma kunya kuke ji a ga ubanku yana rawa. Sai na koma jingina hannu da reshen dalbejiya, wanda ba ya turowa, ba ya kaucewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma shekara da shekaru nawa na ɗagawa. Tun daga lokacin ne kuma na daina karɓar shayi a hannu. Na ga abin da kofi ɗaya ya yi, sai hannuna ya ƙi.

Da yaƙi ya tashi a Khartum, hanya ta yanke tsakaninmu. Ciwon sukari ya ci ƙarfin Haruna, magani ya yanke, ya rasu a can aka binne shi a unguwar da ban taɓa gani ba. Wannan ne rabin maganar Inna da bai tabbata ba. Bayan watanni babban ɗansa Ɗayyib ya iso da uwarsa da ƙannensa, kun tuna, suka sauka a ɗakin Inna. Magidanci ne da gemunsa, Hausarsa rabi Larabci.

Wata la’asar ina gaban dalbejiya, sai na ji mutum a bayana. Ɗayyib ya naɗe hannun jallabiyarsa, ya miƙo tsintsiyar hannu. Na jingina tawa. Ƙirji da ƙirji ya tsaya, nauyi a ƙafar baya, salon birni sak. Muka fara juyawa, na rufe ido. Sai na ji gwiwar hannunsa ta hagu ta ɗan zube. Shi jaki bai taɓa kayar da shi ba, a hannun ubansa ya ɗauka, har da karayar. Na tura ta wurin kamar yadda na saba yi wa Haruna, sai na ji babu kowa a gabana. Ya karkace ya bar ni na wuce, irin kaucewar Baba Lau, ba ragi.

“Wa ya koya maka wannan?”

“Abuya,” in ji shi, haka yake kiran ubansa. “Da ƙahwa tai mai nauyi ya bar na Bashmuhandis, ya koma wanga. Ya ce sunanshi na Yaya.”

Na zauna a kan turmi. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo labarin rasuwar. Ɗayyib ya bar ni, ya je ya hura gawayi. Da ya dawo, sai ya durƙusa a gabana da kofi a hannu biyu.

“Baffa, na san ma’anarshi. Abuya ya hwaɗa min duka. Ka amsa.”

Allah ya sani ban taɓa son wani abu kamar yadda na so kofin nan ba. Ga ɗalibi, ga abokin tuƙi, ga hannun Haruna ya dawo gida. Amma an taɓa ɗauke wa wani dattijo ɗalibinsa da kofin shayi a gabana, kuma wannan yaron yana da wanda ya tsaya a kansa har ƙarfinsa ya ƙare.

“Aje shi ƙasa, ɗana,” na ce. “Kai kana da malami.”

Ya daɗe a durƙushe kafin ya ajiye. Mun yi tuƙi kullum har ƙarshen damina, sannan ya sami aiki a Damazin ya kwashe su suka tafi. Ni kuma na koma wurin dalbejiya. Saboda haka in kun kawo mini shayi, ku ajiye a ƙasa kamar yadda kuka saba, zan ɗauka da kaina.